Hoton Kan Azumi Mai Kitso

Duk macen da ta ɗan daɗe a Ƙofar Wambai ta san Azumi mai kitso, ko da kuwa kanta bai taɓa shiga hannunta ba. Gidan yana can ƙarshen lungun masu wanki da guga, da ɗan zaure wanda dogon mutum sai ya sunkuya. A tsakar gida akwai wata gwaiba mai yawan fure ba 'ya'ya, a gindinta Azumi ke shimfiɗa tabarma tun da hantsi, da kibiyarta da mataji da gwangwanin man kitso. Doguwa ce siririya, mai dogon hanci irin na mutanen ruga, ga hannu mai sanyi. Sai ta yi miki shuku ki kwana a kansa ba ki ji kanki ya ɗaure ba.

Sai dai fa ba ta hira. An san masu kitso da baki, a wurinsu ake jin wadda ta yi yaji da wadda aka yi biko, amma wurin Azumi sai ki gama kitsonki kaf ba ki samu ko guntun gulmar da za ki kai gida ba. Baƙuwa takan ce girman kai ne. 'Yan unguwa sun san ba shi ba ne. Azumi tana da farfaɗiya, kuma tun tana yarinya aka cusa mata cewa ciwon a yawu yake, wanda ya taɓa ya ɗauka. Saboda haka muddin kan mutum na hannunta, bakinta a rufe yake. Ba ta saƙala kibiya a baki kamar sauran masu sana'ar, ba ta lasar yatsa don kwantar da gashi. Likitoci sun sha gaya mata zancen yawun nan ba gaskiya ba ne, ta ce to, ta dawo gida ta ci gaba da rufe bakinta.

A wata ruga kusa da Zungur aka haife ta, cikin watan azumi. Mahaifinta Jalo shanu suka ƙare a hannunsa kaɗan-kaɗan, ya tattaro iyalinsa ya shigo gari ya zama dillali a kara. Tana 'yar rarrafe wani zazzaɓi ya kama ta cikin damina, ta yini tana jijjiga har mata sun fara kuka, sai Allah ya yi da sauran kwana. Ta warke, ta yi wasan ƙasarta kamar kowa. Sai da ta fara zama budurwa, wata rana da ƙwaryar nono a ka, ta yanke jiki ta faɗi a bakin hanya. Daga nan kuwa ba abin da ba a yi ba. Rubutu ta sha, hayaƙi an turara, saiwa iri-iri an jiƙa, an kai ta wurin mai ruƙiyya har muryarsa ta dishe. Ƙwayar asibiti ce daga baya ta kwantar da abin, ɗaya da safe ɗaya da dare, har yakan yi watanni bai waiwaye ta ba. Amma bai taɓa tafiya gaba ɗaya ba.

Mijinta Ɗanlarai gyaran keken ɗinki yake yi a Wunti, a wata rumfa da rabinta nasa ne rabi na mai sayar da zare. Mutum ne da ba ka raba shi da zolaya. Lokacin da ya je neman aurenta, 'yan'uwansa suka ja shi gefe suka ce, "Kai, ka san yarinyar nan tana faɗuwa?" Ya ce, "Na sani. Ni ma da nawa ciwon, basir ne, sai dai nawa ba ya fitowa a gaban mutane." Aka yi dariya, aka yi aure, kuma har yau bai taɓa bari ta ci abinci a kwano daban ba.

Haihuwa ɗaya ce ta tsaya musu, Ni'ima. A nan ne abin da ya fi ci wa Azumi rai yake, fiye da faɗuwar kanta. Tun ranar da aka haifi yarinyar, yayar Ɗanlarai, Goggo Zubaida, wadda aurenta ya mutu take zaune tare da su, ta karɓe ta. Ita ke mata wanka, ita ke goyo, a ɗakinta take kwana. Azumi sai dai a kawo mata ta shayar a zaune, ana tsaye a kanta, ta gama a ɗauke. Mutanen waje suka ce, "Kai, Fulani da kunyar 'yar fari!" Ita kuwa ta san ba kunya ba ce, tsoro ake kada ta faɗi da ita. Ba ta ga laifin kowa ba, don ita ma tsoron take ji. Haka Ni'ima ta tashi tana ce wa Goggo Zubaida Inna, tana ce wa uwar da ta haife ta Adda, kamar wata yayarta. Akwai ƙauna a tsakaninsu sosai, amma daga nesa. Azumi ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "yarinyar nan".

To jika kuwa ba a kunyarsa. Kaka tana da damar ɗaukar jikanta ta cilla shi sama, ta tsokane shi, ta ce masa angonta, ta sumbace shi a gaban kowa, ba mai cewa ta yi rashin ta-ido. Wannan damar ce Azumi ta zauna jira shekara da shekaru ba ta gaya wa kowa ba. Da aka aurar da Ni'ima ga Mahfuz, wani malamin firamare ɗan cikin gari, kuma ciki ya fito, sai ta fara shiri a ɓoye. Al'ada ce mai cikin fari ta dawo gidan iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego a hannun uwarta. Azumi ta sayi baho sabo, ta sa aka yi wa ɗakin kusa da nata shafe, har man kaɗanya ta aika aka kawo mata daga Zungur.

Ana cikin haka sai ga Hajiya Khadijatu, mahaifiyar Mahfuz, ta zo gaisuwa da ƙullin masa mai zafi. Mace ce mai jiki, mai magana a hankali, wadda ba a taɓa jin ta da kowa ba. Aka gaisa, aka tambayi zafi, aka tambayi kasuwa. Can ta gyara gyale ta ce, "Maman Ni'ima, dama cewa na yi, ko za a bar yarinyar nan ta haihu a wajenmu? Kada a ɗora miki wahala, ga sana'a, ga jiki sai lallaɓawa."

Azumi ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta san ba wahalarta ake tausayi ba. Ta yi murmushi ta ce, "Allah ya kai mu lokacin lafiya, Hajiya." Ta raka ta har zaure, ta dawo ta zauna a gindin gwaiba, masar nan har ta huce ba ta taɓa ba.

Dama likitarta a babban asibiti, Dakta Roda, ta daɗe tana bin ta da a yi hoton ƙwaƙwalwa, ita kuma tana zillewa. Yanzu da kanta ta ce wa Ɗanlarai a je a yi. Lissafinta mai sauƙi ne. Ta daɗe ba ta faɗi ba, to watakila ciwon ya ƙare a ciki, hoton zai fito fes, ta ɗauka ta kai wa Hajiya ta ce ga shaida. Ɗanlarai ya dube ta ya ce, "Idan kuma bai fito fes ba fa?" Ta ce, "Kai dai bakinka ya sari ɗanyen kashi." Ya yi dariya ya tafi neman hanyar kuɗin, wanda shi ma labari ne mai zaman kansa.

Ranar hoton aka sa ta cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe, har fil ɗin ɗankwali. Aka kwantar da ita aka tura ta cikin wani rami fari mai sanyi, aka ce kada ta motsa. Na'urar ta kama ƙara kamar injin markaɗe ya haɗiyi dutse. Azumi ta rufe ido ta yi ta salati har aka jawo ta. Bayan kwana biyu aka ba ta sakamakon a wata ƙatuwar ambulan, aka ce ganin likita sai Talata mai zuwa.

Ambulan ɗin nan ita ta jawo komai, don ta fi ƙarfin jaka, ta fi ƙarfin ɓoyewa a hijabi. Haka ta rungumo ta a keke mai ƙafa uku, ta ratsa lungu da ita kowa na kallo. Tana shiga gida ta tarar da mata na jiran kitso. Kafin ta cire takalmi Goggo Zubaida ta zare ɗaya daga cikin baƙaƙen faya-fayan hoton da ke ciki ta ɗaga shi saitin rana, ta ƙanƙance ido.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a, kawuna ne!"

Mata suka taso, har da wadda ta tsefe rabin kai. Kawuna kuwa ga su nan sahu-sahu, manya da ƙanana, wasu da idanu ƙuru-ƙuru, wasu ba ido ba baki. Goggo Zubaida ta dafe ƙirji ta ce, "Dama mai ruƙiyyar nan ya faɗa, ba ɗaya ba ne, zuri'a ce guda. Ga su nan Bature ya kama su." Wata ta ce ta ga mai ƙaho. Wata ta ce wancan na ƙasa dariya yake. Mutanenmu ke nan, ka ba su abin da ba su sani ba, kafin ka juyo sun yi masa tafsiri har da ƙarin bayani. Kafin la'asar labari ya fita daga Ƙofar Wambai cewa an ɗauki hoton kan Azumi an ga aljanu zaune a jere, kuma ba sai an faɗa ba, ya isa kunnen Hajiya Khadijatu.

Da mata suka watse, Azumi ta ɗauki faifan ta fito hasken yamma ta duba da kanta. Ita da ta ƙare rayuwarta a kan kawunan mutane, ta san mai tulluwar ƙeya, ta san mai goshi, sai ga shi nata ya gagare ta. Abu ɗaya kawai ta lura da shi. A wani faifai kawunan a gefe suke, kuma kowanne da dogon hanci iri ɗaya. Ɗanlarai ya dawo ta nuna masa. Ya ɗaga, ya juya, ya ce, "To, ko su wane ne dai 'yan'uwanki ne, hancin gidanku ne wannan." Ba ta yi dariya ba. Sai ya sassauta murya ya ce, "Azumi, ni keken ɗinki na iya, Yaya Zubaida kuwa ko shi ba ta iya ba. Ki bari mai abin ta karanta."

Washegari ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta saka hijabinta mai kyau ta tafi gidan Hajiya Khadijatu ba aike ba gayyata. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, na san kin ji abin da ake faɗa. Ni ban san abin da ke cikin hoton nan ba. Talata za a karanta. Ina roƙon ki raka ni, ki ji da kunnenki, kada ki ji a bakin wani." Kunya ta kama Hajiya, ta ce, "Haba Maman Ni'ima, ai ba sai an yi haka ba." Azumi ta ce, "Sai an yi." Har a lokacin tana sa rai likita za ta ce babu komai.

Dakta Roda 'yar Bogoro ce, gajeriya mai tabarau, Hausarta garau sai dai wani sa'in ta ce wa mace "ka". Da ta ga su biyu ta ce, "Mama, kin yarda ta zauna? Maganar kanki ce." Azumi ta ce ita ta kawo ta. Likita ta maƙala faifan a wani allo mai fitila. Da aka ba ta labarin aljanu ta cire tabarau ta yi dariya har da share ido, sannan ta ba da haƙuri.

Ta ce, "Kai ɗaya ne, Mama, naki. Na'urar tana ɗaukarsa yanki-yanki ne, kamar a yanka albasa a jera a faranti. Wannan daga sama, wannan daidai ido, wannan daga gefe."

Hajiya ta ce, "Ikon Allah!" Azumi ta sauke numfashi, har ta fara gyara zama irin na wadda ta ci shari'a. Sai likita ta ɗauki biro ta nuna wani wuri can ciki, saitin kunne.

"Ku dubi nan. Kun ga wasu 'yan abubuwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu? Na dama ya cika. Na hagu ya motse, kuma ya fi haske. Tabo ne. Tsoho ne sosai. Mama, kin taɓa yin zazzaɓi da jijjiga mai tsawo kina ƙarama?"

Azumi ta ce ta yi, da muryar da ita kanta da kyar ta ji. Ta kawo mace har asibiti don ta ga hoto fes, sai ga tabo an haska shi da fitila a gabanta. Ta ji kamar ta roƙi likita ta kashe fitilar.

Dakta Roda ta ci gaba a hankali. Ta ce ga dukkan alama daga wannan tabon ciwon ke tasowa. Ba ƙari ba ne, ba ya girma, ba ya cin ƙwaƙwalwa. Amma kuma ba ya gogewa, don haka magani ba a daina shi. Ta ce, "Da ma hoton ya fito fes, ba zan ce kin warke ba. Akwai masu ciwon nan da yawa da hotonsu ba ya nuna komai. Ke dai naki ya nuna mana inda yake."

Hajiya Khadijatu ta ɗan yi gyaran murya. Ta ce, "Likita, a yi mini afuwa, jika muke jira. Ana ɗauka?"

"Ana ɗaukar tabo, Hajiya? Ko a kofi ɗaya suka sha ruwa ba abin da zai same shi."

"Gado fa?"

"Wannan ciwo ne ya bar mata shi, ba daga ciki ta zo da shi ba. Ku dai kowane yaro ya yi zazzaɓi ku kawo shi da wuri."

Hajiya ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyale, sannan ta yi tambayar da ta kawo su. "To za ta iya riƙe jariri? Wanka da sauransu?"

Likita ba ta amsa mata ba, ta juya ga Azumi. "Mama, kafin ya zo kina jin alama?"

Wannan magana ce da ban da Ɗanlarai ba wanda ya taɓa ji. Azumi ta ce wani abu yakan taso mata daga ciki ya hau ƙirji, sai ta ji ƙauri kamar zane ya kama wuta, alhali ba abin da ke ƙonewa. Likita ta sake nuna wurin da biro ta ce daga nan ƙaurin ke fitowa, haka irin wannan tabon ke yi. Ta tambaye ta ko yana ba ta lokaci. Azumi ta ce kamar mutum ya karanta Fatiha, wani sa'in bai kai ba.

"To ku ji gaskiya," in ji Dakta Roda. "Hoton nan bai san ranar da ciwon zai zo ba, ni ma ban sani ba. Za ki iya yi wa jikanki wanka, amma a zaune a ƙasa, ruwa kaɗan, da babban mutum a gefenki kullum. Kina jin ƙaurin ki miƙa shi, kada ki ce bari in ƙarasa. Murhu da tafasasshen ruwa ba naki ba ne. Kuma ki yi barci, rashin barci na tayar da shi." Ta juya ta koya wa Hajiya abin da ake yi in ya zo: a kwantar da ita ta gefe, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a tura cokali ko yatsa a baki, kada a danne ta.

Azumi ta ce, "Goyo fa?"

Likita ta girgiza kai. "Goyo kam ban ba ki shawara ba, Mama."

Azumi ta gyaɗa kai. Ta so ta ji wata amsar, wallahi ta so, amma ba ta yi musu ba.

Suka kamo hanyar gida a keke. Azumi ta riƙe ambulan a cinya tana kallon titi, ta riga ta sallama. Sai da suka shiga cunkoson Wunti, mai keke na faɗa da wani ɗan acaɓa, sannan Hajiya Khadijatu ta ce, "Ta ce da babban mutum a gefe. To ni ce mutumin. Ba Zubaida mai ƙirga kawuna ba." Azumi ta juyo ta dube ta. Hajiya ta ce, "Amma ki sani, Maman Ni'ima, ina jin tsoro. Ba zan ɓoye miki ba." Azumi ta ce, "Ni ma haka, Hajiya."

Ni'ima ta dawo gida da tsohon cikinta, ta haihu a asibiti wata Laraba da rana, namiji. Daga ranar kullum da hantsi sai ga Hajiya a keke. Goggo Zubaida aka bar wa murhu da tukunyar ruwan jego da ganyen darbejiya, tana yi tana mita wai an mayar da ita 'yar hura wuta. Azumi kuwa takan zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, a ɗora mata yaron a kan ƙwaurinta, baho a ƙasa, Hajiya a gefe gwiwa na taɓa gwiwa. Ashe duk wankan da Goggo ta yi wa Ni'ima, tana daga bakin ƙofa tana haddacewa. Ta san yadda ake tallafe ƙeya, da yadda ake gasa cibiya da tsumma mai ɗumi, da yadda ake miƙar da hannuwa a haɗe su a ƙirji. Ga kuma baki ya buɗe. "Kai ango, da wannan tumbin za ka aure ni? Ina lefena? Dube shi, sai hamma kamar wanda ya yi noma." Ni'ima daga ɗaki tana jin su tana dariya, ta ce ita ba ta taɓa sanin Adda ta iya tsokana ba.

Ranar suna aka raɗa masa Abdulbaqi. Gida ya cika da 'yan barka tun asuba, dangin Zungur suka zo da ƙwaryar fura, aka yi ta shiga da fita. Azumi ta sha maganinta, amma barci kam ba ta samu na kirki ba kwana biyu.

Washegari da hantsi tana zaune da yaron a ƙafafunta, ta saɓa masa sabulu a baya, sai ta ji abin ya motsa a cikinta ya fara hawa. Ƙaurin ya biyo. Saura ɗauraya kawai, kofi biyu na ruwa ya isa. Kuma ta san in ta miƙa shi yanzu, Hajiya za ta ga abin da take tsoro da idonta, watakila kafin azahar a kwashe mai jego da ɗanta. Zuciyarta ta ce ki ƙarasa, wani lokacin ai yakan wuce.

Ta ɗaga yaron da sabulunsa ta ce, "Hajiya, karɓe shi. Ya zo."

Ta ga hannayen Hajiya sun rufe a kansa. Ta ture bahon da ƙafa, ta kwanta ta gefe a kan tabarma. Daga nan ba ta san komai ba.

Da ta farfaɗo inuwar gwaiba ta matsa. Kanta ya yi nauyi, gefen harshenta na zafi. Akwai wani abu mai laushi a ƙarƙashin kumatunta, da ta shafa sai ta ji gyalen Hajiya ne a ninke. Ni'ima na zaune kusa da kanta tana mata fifita, ido ja. Ta ce, "Sannu Adda. Inna ta rugo da cokali, Hajiya ta daka mata tsawa. Ban taɓa jin Hajiya ta ɗaga murya ba sai yau."

Azumi ba ta tambayi yaron ba. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta. Ta rufe ido tana sauraron lungu, tana jiran ta ji keke ya tsaya a ƙofar gida, a fara fitar da kaya. Aka kama ta aka kai ta ɗaki, barci mai nauyi ya ɗauke ta.

Bayan azahar ta farka ta tashi zaune ta jingina da bango. Sai labule ya ɗaga, Hajiya Khadijatu ta shigo kanta ba gyale, zaninta duk shatin ruwa, da Abdulbaqi a naɗe cikin tawul. Ta durƙusa da kyar, irin durƙuson mai ciwon gwiwa, ta zauna dab da ita.

Azumi ta ce, "Hajiya, kin dai gani."

"Na gani." Hajiya ta gyara wa yaron tawul. "Na ɗauraye shi, amma ban shafa masa man ba. Sai tsala ihu yake, wai hannuna da kaushi."

Ta ɗora mata shi a cinya, ta jawo gwangwanin man kaɗanya ta buɗe ta ajiye a tsakaninsu. Azumi ta dubi yaron, ta dubi hannayenta, ta kasa motsi. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Hajiya ta ce, "Shafa mana, kada iska ta busar da shi. Gobe kuma ki yi barcinki, ba zan zo da wuri ba. Mu jira ki tashi, sai a ɗora ruwan."